Martani Ga Masu Cewa Sola Ba Za Ta Riƙe Jami'a Ba

Wani dattijon malami, wanda na zauna a gabansa na ɗauki darasi, ya rubuta doguwar takarda ya rarraba wa abokan aiki yana sukar shirin mayar da jami'o'inmu kan wutar sola. Ba zan kama sunansa ba tunda bai kai takardar kasuwa ba. Malam nake kiransa tun can, haka kuma zan kira shi a nan. Abin da ya rubuta shi ne abin da ake faɗa a ɗakin hutun malamai da majalisun bakin titi da shirye-shiryen rediyo na kiran waya, sai dai shi ya jera zarge-zargen da tsari, ya kuma ɗora musu nauyin furfurarsa. Saboda haka amsar nan ba tasa ba ce shi kaɗai.

Malam ya buɗe da cewa wannan rawa ce da Turawa suka kaɗa mana: su suka ɓata sararin samaniya da hayaƙin masana'antunsu, yanzu sun juyo suna ce mana mu bar mai da iskar gas da Allah ya hore mana. Rabin maganar gaskiya ne, domin Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. Amma ma'ajin jami'ar da aka ajiye wa takardar kuɗin wuta a kan tebur ba ɗumamar yanayi ke hana shi barci ba. Mai cajin waya da ya ɗora farantai biyu a kan rumfarsa, da manomin rani da ya sauya injin ban-ruwa mai shan fetur da na sola, da kwamitin masallacin unguwa da ya yi karo-karo ya sayi inbata don fanka da lasifika, babu wanda ya taɓa zuwa taron sauyin yanayi a cikinsu. Lissafi suka yi. 'Yan kasuwar Sabon Gari a Kano sun fara karɓar wutar sola a shagunansu tun 2018, kuma ba a san su da jefa kuɗi a rijiya don faranta wa Bature rai ba.

Sai zargin da ya fi kowane kama hankali, wanda shi ne ke sa mutanen kirki gyaɗa kai: wai yaya za a narka biliyoyin naira a farantai da batura alhali ɗalibai na kwana takwas-takwas a ɗakin mutum huɗu, rufin ɗakin lacca na yoyo, malamai kuma na bin bashin alawus?

Da a ce zaɓin tsakanin kashe kuɗi ne da rashin kashewa, da na bi bayan Malam. Ba haka abin yake ba. Jami'a tana kashe kuɗin wuta tuni, kuma ta hanya uku take kashe shi. Ta farko takardar kamfanin rarraba wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane yunit. An ɗan sassauta daga baya, amma a shekarar bai sauko ƙasa da naira 200 ba. Manyan jami'o'i da asibitocin koyarwa da dama suna cikin wannan rukuni, don haka suka wayi gari kuɗin wutarsu ya ninka kusan sau uku ba tare da sun ƙara ko ƙwan fitila ɗaya ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta fito fili a shekarar ta ce kuɗin wutarta ya kai kimanin naira biliyan 3.6 a shekara, kuma ba za ta iya ba. A Jami'ar Benin an yanke wuta saboda rikicin kuɗi, ɗalibai suka tare babbar hanya a watan Yulin 2024, aka rufe makarantar.

Hanya ta biyu ita ce gas ɗin janareto. Babban janareto mai lafiya yana ba da yunit uku zuwa uku da rabi a kowace lita. Tun da litar gas ta haura naira 1,000, kowane yunit da ya fito daga janareto yana kai wajen naira 300, ba a sa kuɗin baƙin mai da filta da kanikanci da tsufan injin ba. Hanya ta uku ba ta fitowa a littafin ma'aji, amma ta fi ciwo. Na ga ɗalibar digiri na biyu tsaye a gaban firizar ɗakin gwaje-gwaje da safiyar Litinin, ruwa na bin ƙasan ƙofar, tana ɗago kwalaben jinin da ta bi ƙauyuka ta tara ɗaya bayan ɗaya tana dubawa a hasken taga. Wuta ta tafi tun daren Juma'a, gas ɗin janareto ya ƙare ranar Asabar. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambayi mai kula da ɗakin ko akwai wanda ya taɓa amfani da samfurin da ya narke aka karɓa. Ya ce babu. Wannan asarar ba wanda ya rubuta ta a matsayin kuɗin wuta, amma kuɗin wuta ce.

To, a ɗora wannan a kan sikeli da abin da rana ke bayarwa. A Kano, farantan megawat ɗaya suna ba da yunit wajen 4,500 a rana idan aka ɗauki matsakaicin shekara. Tashar Jami'ar Bayero, wadda mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a watan Satumban 2019, tana da farantai 10,680 masu ƙarfin megawat 3.5. Idan tana aiki yadda aka tsara ta, a ƙiyasce za ta ba da yunit sama da 15,000 a rana, abin da janareto zai sha lita fiye da 4,000 kafin ya bayar. Malam ya koyar da mu lissafi, ya ninka da farashin lita na yau, ya ninka da kwanakin shekara, ya gaya mana ɗakunan kwana nawa ke ƙonewa su bi iska.

Kuma kuɗin gina waɗannan tashoshi ba daga asusun albashi aka ciro su ba. Shirin na Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ne, wato REA, kuma an tsara shi ne ya kai ga jami'o'in tarayya 37 da asibitocin koyarwa 7. Kashin farko, wanda ya haɗa da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci, gwamnatin tarayya ce ta biya, har da kuɗin takardun lamunin kare muhalli da ta fara sayarwa a ƙarshen 2017. Kashi na biyu, inda Jami'ar Maiduguri da asibitinta da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa suke, da kuɗin Bankin Duniya aka yi. Na uku, mai ɗauke da Dutsin-Ma da Yola da Lafiya, na Bankin Raya Afirka ne. Bashi ne, na yarda, kuma 'ya'yanmu za su biya. Amma bashi ne mai sharaɗi: jami'ar da ta ce ba ta so, ba za a miƙa mata kuɗin ta biya alawus da su ba, wata jami'ar za a kai wa. Daga cikin basussukan da ƙasar nan ta ci, wannan na cikin 'yan kaɗan da mutum zai iya zuwa ya taɓa da hannunsa.

Malam ya ce rana ba ta fitowa da dare, kuma hazo da damina za su kashe abin. Ba wanda ya ce tana fitowa. Shi ya sa ake haɗa tashar da batura, kuma shi ya sa ta Bayero ke da ma'ajiyar wuta ta yunit 8,100. Abin da Malam bai lura da shi ba shi ne jami'a ta fi kowane irin wuri dacewa da sola, domin da rana take shan wuta. Ofisoshi da ɗakunan lacca da na gwaje-gwaje da na'urorin sanyaya ɗaki da famfunan tura ruwa, duk daga ƙarfe takwas zuwa la'asar suke aiki, daidai lokacin da rana ke tsaka. Da dare abin da ya rage ɗakunan kwana ne da gidajen ma'aikata da fitilun hanya da firiza da asibitin makaranta, nauyin da bai kai na rana ba. Gidan mutum akasin haka yake, da dare yake buƙatar wuta, shi ya sa sola ta fi tsada a gida.

Damina ba ita ce matsalar ba a ƙasar Hausa. Hadarinmu na zuwa ne ya wuce, ya ma wanke farantan kyauta. Hasken da ke sauka a Kano ko Sakkwato a shekara ya kusa ninka wanda ke sauka a Jamus, ƙasar da ta shimfiɗa farantai fiye da duk nahiyar Afirka. Abokan gaba na gaskiya biyu ne, ƙura da zafi, kuma a nan ya kamata Malam ya matsa. A tsakiyar hunturu, ka je ka ja yatsa a kan faranti bayan mako guda ba a wanke shi ba, za ka ga layi baƙi ƙirin a tsakiyar ja, yatsanka kuma kamar ka tsoma a garin ƙasa. Wannan ƙura wuta take ci. Maganinta ba digiri yake so ba: mutane da dogon buroshi mai laushi da tiyo, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, layi bayan layi, da rijiyar burtsatse a kusa. Zafin bazara kuwa yana rage wa faranti ƙarfi, kusan kashi 4 cikin 100 a duk ƙarin digiri goma a jikinsa, yana kuma rage wa batir kwana. Ɗakin batura dole a sanyaya shi dare da rana. Ranar da na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya a watan Afrilu aka ce a jira takarda ta fito daga ofishi, ranar aka fara binne baturan. Duk waɗannan abubuwa ne da aka sani, aka auna, aka kuma san kuɗinsu. Dalili ne na sa su a kasafi. Ba su isa dalilin fasa aikin ba.

A zargi na gaba ba ni da abin karewa, kuma ba zan yi ƙoƙarin karewa ba. Malam ya ce an yi ta shelar megawat 7.1 a Bayero, mafi girma irinta a Afirka a lokacin, alhali akwai janaretocin gas a cikin tashar. Haka ne. Akwai janareto na megawat 2.4 a ciki, kuma ɓangaren farantan kusan rabin adadin da aka yi shela da shi ne. Masu yanke kirtani suna son lamba mai ƙiba, sai a tara ƙarfin komai a faɗi jimla. Ya kamata a riƙa faɗa wa mutane gaskiya: ga na rana, ga na batir, ga na janareto. Amma daga nan zuwa cewa aikin yaudara ne akwai tazara. Janareton da ke tashi 'yan awanni cikin dare idan batura sun yi ƙasa, da wanda ke ruri daga safe har dare, ba abu ɗaya ba ne, ko a aljihu ko a kunnen mai karatu. Injiniyan da zai gina wa jami'a mai asibiti tasha babu abin da zai karɓa idan an yi kwana uku ana hazo mai kauri, shi ne wanda ya kamata a tuhuma.

Yanzu ga babban zargin, wanda sauran duk 'yan rakiyarsa ne. Malam ya ce a ba abin shekara uku zuwa biyar, za a tarar da shi kamar sauran ayyukan gwamnati: ciyawa ta rufe, ɓarayi sun kwashe waya, awaki na kwana a ƙarƙashin farantai. Ya ce mu duba fitilun sola na kan titi da 'yan siyasa suka kakkafa a garuruwanmu, nawa ke kamawa yau? Ya kuma ce an sha jin koke cewa wasu tashoshin kashin farko ba su ci gaba da ba da abin da aka yi alkawari ba.

Ban musa ko ɗaya ba. Amma Malam ya tsaya a bakin tambayar bai shiga ba. Me ke lalacewa, kuma me ya sa? Faranti ba shi da abin da ke juyawa a cikinsa, masu ƙera shi suna ba da garantin shekara 25. Abin da ke mutuwa inbata ne, mai kai wa shekara goma ko sama da haka idan an kula, da batir. Batir mai ruwa irin na dalma, a zafinmu, shekara uku zuwa biyar ya gama. Na litiyam yana kai wa goma idan ba a gasa shi ba. Ma'ana tun ranar ƙaddamarwa an san shekarar da za a nemi maƙudan kuɗi a sauya batura, kamar yadda aka san shekarar da yaron da aka haifa yau zai shiga firamare. To wa ke tara kuɗin? A mafi yawan ayyukanmu babu kowa. Hukumar da ta gina ta miƙa makulli ta koma Abuja. Ɗan kwangila ya cika wa'adin kulawarsa ya tattara. Jami'a ta karɓi abin a matsayin kyauta, ta ga kuɗin gas ya ragu, ta juya rarar zuwa wata ɓarakar, tunda ɓaraka ba ta ƙarewa. Sashen ayyuka da gyare-gyare, wanda ya saba da taransifoma da janareto, aka bar shi da na'urorin da ba a koya masa sosai ba, manhajar sarrafa su a kulle, lambar sirrin tana hannun wani a wata ƙasa. Sai ranar da abu ya tsaya a fara rubuta takarda.

Mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa kullum, in ya haƙa burtsatse a gidansa, bai rabu da kashe kuɗi ba. Ya dai sauya ƙaramin kuɗi na kullum da babban kuɗi na lokaci-lokaci, ranar da famfo zai ƙone. In ya cinye rarar duka, ranar nan zai koma wa 'yan garuwa yana zagin burtsatse. Abin da ke faruwa ke nan, kuma ba laifin rana a ciki.

Gyaransa ba ɓoyayye ba ne, sai dai ba ya da daɗin ji. Wutar tasha ba kyauta ba ce, dole a sa mata farashi ko da a cikin gida ne. A sa mita a kowace tsangaya, kowane ɗakin kwana, kowane gidan ma'aikaci. Bankunan da ke cikin harabar makaranta, da masu shagunan hoto da buga takardu, da masu firizar sayar da ruwan sanyi da lemo, da gidajen abinci, duk su biya, ƙasa da abin da janareto ke ci musu amma su biya. Gidajen malamai ma su biya, kuma na san nan ne za a fara harara ta. Abin da aka tara, da wani kaso na rarar gas, ya shiga asusu na daban wanda shugaban jami'a shi kaɗai ba zai iya taɓawa ba, ba a fitar da ko sisi sai don tashar. A ɗauki kamfanin kulawa a biya shi gwargwadon yunit ɗin da tashar ta bayar. Kada a biya shi da kan wata, domin wanda ake biya da kan wata ba ruwansa da ƙurar da ke kan faranti. Sannan a hana abin da kowa ya san ana yi: da zarar wuta ta tsaya, kowane ofishi sai ya ƙaro na'urar sanyaya ɗaki, ɗakunan kwana su cika da rishon lantarki da hita, a ɗora wa tashar nauyin da ba a gina ta dominsa ba, a kwana ana tatsar batura har ƙasa. Tashar da aka auna wa jami'a mai ɗalibai dubu hamsin ba za ta ɗauki duk abin da aka ga dama aka jona mata ba.

Da Malam ya rubuta cewa kada majalisar gudanarwa ta karɓi makulli sai an nuna mata wannan tsari a rubuce, da ni ne farkon mai sa hannu a ƙarƙashin sunansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma shi cewa ya yi a sauke.

Kan batun kwangila, Malam ya haɗa abu biyu: wai kayan duk na waje ne, kuma kafa ce ta cin kuɗi. Gaskiya ne kamfanin METKA, mai tushe a Girka, shi ya gina ta Bayero, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan duniya daga Sin suke fitowa. Amma janareton da Malam yake so mu ci gaba da riƙewa, a Ɗorayi aka ƙera injinsa? Perkins da Cummins ba 'yan Kurmi ba ne. Bambancin shi ne faranti sau ɗaya ake sayensa a shekara 25, injin kuwa kullum yana neman abin da za a saya masa. Inda zargin ke da ƙarfi shi ne batun mutanenmu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun 1982, tana aiki kan hasken rana tun kafin a haifi yawancin ɗaliban yau. Kowace babbar jami'a tana da sashen injiniyan lantarki. Abin kunya ne a ce tasha tana bayan katangar tsangayar injiniya amma sai an kira wani daga Legas ko daga ƙetare ya zo ya duba ta. Shirin na REA ya tanadi cibiyar horo a kowace jami'a, ya kuma ɗauki ɗalibai mata ashirin-ashirin suka koyi aikin lokacin gini. Wannan somin-taɓi ne. Abin da ya kamata shi ne tashar ta zama ɗakin karatu: 'yan aji huɗu da biyar su yi aikin koyon sana'arsu a ciki, bayanan da na'urorin ke tarawa kowane minti su zama abin rubuta kundin digiri, masu fasahar sashen ayyuka su riƙe lambar sirrin. Wannan a cikin takardar kwangila ake rubuta shi, kuma malamai irin su Malam ne ke da bakin da za su tilasta a rubuta.

Cin kuɗi kuwa, ban ce ba a yi ba, ban kuma ce ba za a yi ba. Amma in ana maganar kafar sata, a tambayi duk wanda ya taɓa riƙe sito a ma'aikata wanne ya fi sauƙin ɓacewa. Faranti ana ƙirga shi, yana nan a fili, kowa na gani, ƙarfinsa a rubuce a bayansa, mita kuma na nuna abin da ya bayar. Gas fa? Tanka ta zo da dare, an sa hannu an ce ta cika, wa ya leƙa? An ce janareto ya yi awa goma sha biyu, wa ya tsaya da agogo? Jarka nawa ke fita ta ƙofar baya a wata? Ba na zargin Malam da komai, na san shi, ko biron ofis ba ya kai wa gida. Amma ya sani cewa ba duk mai tafa wa takardarsa ne ke tafawa don kishin ɗalibai ba.

Maganar filin da farantai ke ci ba ta da tsawo. Megawat ɗaya na cin hekta ɗaya zuwa biyu. Wanda ya san sabon matsugunin Bayero a hanyar Gwarzo ko filin Samaru ya san wannan ba komai ba ne, ga kuma rufin gine-gine da wuraren ajiye motoci, inda farantan za su ba da inuwa a kan wutar. Matattun batura kuwa abin damuwa ne na gaske, domin dalma guba ce, kuma masu fasa su a bayan gari suna narkawa ba tare da kariya ba. A rubuta a kwangila cewa wanda ya kawo sabo shi zai kwashe tsoho ya kai inda aka amince.

Malam ya ce ƙarshenta ɗalibai za a ɗora wa kuɗin. An riga an ɗora musu. Ƙarin kuɗin rajista da jami'o'in tarayya da yawa suka yi daga 2023, tsadar wuta da gas na cikin dalilan da hukumominsu suka bayar. Uban da ya sayar da buhunan masara ya biya wa 'yarsa rajista, wani kaso na masarar nan janareto ne ya sha. In akwai abin da zai sassauta wannan, rage dogaro da gas ne.

Ya rufe takardarsa da cewa maimakon kowace jami'a ta ware kanta, a matsa wa gwamnati ta gyara wutar ƙasa kowa ya amfana. Fata ne mai kyau, ina tare da shi, kuma ba wanda ya ce a yanke waya daga babban layi. Tasha mai kyau tana iya jan wutar kamfani idan ta zo da araha, ta saki idan ta tafi. Amma tun muna yara ake wannan jira. An sauya wa NEPA suna, an sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013, har yau abin da ke isa ga mutum sama da miliyan 200 yana yawo ne tsakanin megawat dubu huɗu da dubu biyar. A 2024 kaɗai babban layin ƙasa ya faɗi wajen sau goma sha biyu. A watan Oktoban shekarar, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai wanda ya biyo ta Makurɗi shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Mu ne a wutsiyar layin, wutar daga nesa take zuwa mana, ta ratsa dazukan da ma'aikatan gyara ba sa shiga sai da rakiyar soja. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗani irin wannan a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki, kuma tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 na cikin abin da ya rage wa Yamai raɗaɗi. Ɗalibin da ya shiga jami'a bana shekara huɗu ko biyar gare shi. Ba zai dakatar da karatunsa ya jira a gama gyaran wutar ƙasa ba.

Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, kujerarka a majalisar malamai ta fi tawa kusa da gaba, kuma in ka yi magana ana yin shiru. Ranar da aka kawo batun nan, kada ka ce a yi watsi da shi. Ka nemi a kawo takardar da ke nuna megawat nawa ne na farantai zalla, wane irin batir ne kuma a wace shekara za a sauya shi, nawa zai ci, a wane asusu ake tara kuɗin, su wa ke sa hannu a kansa, da sunayen ma'aikatanmu da za su riƙe tashar ranar da ɗan kwangila ya tafi. In ba a kawo ba, ka hana a karɓi makullin, mu kuma muna bayanka.